Yadda Na Koyi Kallon Baƙar Beyar A Tsaunukan Smoky

Aiki ne ya zaunar da ni a Knoxville, gabashin jihar Tennessee a Amurka, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ba ya daɗewa zancen beyar, wata babbar dabbar daji mai yawan gashi da Turawa ke kira bear, zai shiga kunnensa. Abokan aiki na ba da labarin wadda suka gani tana tsallaka titi, maƙwabci na nuna maka hoton wadda ta hau barandar gidan hutun da ya kama a Gatlinburg, wani gari a gindin tsaunuka, shaguna kuwa cike suke da riguna da kofuna masu hotonta. Tsaunukan da ake hangowa kudu da gari, lulluɓe da shuɗin hazo, su ne Great Smoky Mountains, gandun daji na ƙasa da aka kafa a 1934 a kan iyakar Tennessee da Carolina ta Arewa. A duk gandayen ƙasa na Amurka babu wanda ya kai shi baƙi, don sama da mutum miliyan 12 suka shige shi a 2024. Hukumar gandun kuma ta ƙiyasta cewa baƙar beyar kusan 1,900 ke zaune a ciki, kimanin biyu ke nan a kowane murabba'in mil. Inda jama'a suka yi yawa haka, dabba kuma ta yi yawa haka, haɗuwa ta zama dole. Abin da ya rage shi ne yadda za a haɗu.

Ɗana ne ya matsa mini da zancen, lokacin yana aji huɗu na firamare. Mahaifiyarsa ta ce ba ta hana ba, amma da sharaɗi: babu mai kai mata yaro cikin daji sai ya je ya koyo yadda ake yi daga bakin masu aikin. Sharaɗin ya yi mini daidai, don mu da muka tashi a ƙasar da babu beyar ba mu gaji saninta daga kowa ba. Kura da zaki da giwa muna da labarinsu tun daga tatsuniya, wannan kuwa baƙuwa ce a wurinmu.

Saboda haka muka fara da cibiyar baƙi ta Sugarlands, wadda ke bakin gandun daga ɓangaren Gatlinburg. Shiga gandun kyauta ne, sai dai tun 2023 duk motar da za ta tsaya fiye da minti 15 sai ta sayi takardar ajiye mota, dala 5 ta yini, 15 ta mako, 40 ta shekara. Muka sayi ta shekara. Jami'ar da muka tarar a teburin tambaya ta saurari ɗana har ya gama, sannan ta ɗauko taswira. Na yi zaton da labarin haɗari za ta fara, sai ta fara da tazara. Doka ce a gandun cewa kada mutum ya matsa kusa da beyar da gangan ƙasa da yadi 50, wato kimanin mita 46, kusan rabin filin ƙwallo. Wanda ya karya ana iya cin sa tarar da ta kai dala 5,000, ko ɗaurin da ya kai wata shida. Sai ta ƙara da abin da ya fi zauna mini a rai. Yadi 50 ɗin nan mafi ƙaranci ne kawai. Ainihin ma'aunin yana jikin dabbar: idan tana cin abinci ta daina saboda kai, ko ta sauya hanya, ko ta tsaya tana kallonka, to ka yi kusa, ko da yadi ɗari ne tsakaninku.

Ta koya wa yaron wata dabara mai sauƙi. Ka miƙe hannunka gaba ɗaya, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya. Idan yatsan ya rufe dabbar duka, da sauran tazara. Idan jikinta ya leƙo ta gefen yatsan, ja da baya. Tun daga ranar duk abin da ya gani a waje sai ya auna shi da yatsa, har karen maƙwabta.

Daga nan muka shiga batun ganewa. A tsaunukan Smoky, da ma gabashin Amurka baki ɗaya, beyar iri ɗaya ce tak, wato baƙa. A nan launinta baƙi ne wuluk, hancinta da kewayen bakinta ruwan ƙasa, wasu da ɗan farin tabo a ƙirji. Amma sunan na iya yaudarar mutum idan ya je yamma, domin a can ana samun wannan irin da launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja, har a ɗauka girizli ce, wato wata irin beyar daban. Girizli, wadda ake samu a wurare irin su Yellowstone da Alaska, tana da tozo a kafaɗa, fuskarta ta ɗan lotsa tsakanin ido da hanci, kunnuwanta gajeru, akaifunta dogaye don tonon ƙasa. Baƙar beyar ba ta da tozo, idan tana tafiya ƙugunta ya kan ɗara kafaɗarta tsawo, fuskarta miƙaƙƙiya daga goshi zuwa hanci, kunnuwanta a tsaye, akaifunta gajeru masu lanƙwasa don hawan itace. Wani zai ce me ya haɗa mu da girizli tunda babu ita a nan. Dalilin shi ne mutane da yawa sun ji an ce idan beyar ta kai maka hari ka kwanta kamar ka mutu. Wannan shawarar ta girizli ce. Idan baƙar beyar ta kai ga taɓa jikinka, kwanciya kuskure ce babba. Faɗa ake yi da ita da duk abin da hannu ya samu, ana auna fuska da hanci.

Girmanta bai kai yadda majigi ke nunawa ba. A tsakiyar shekara namiji kan kai kilo 110 ko sama kaɗan, mace kuwa wajen kilo 45 zuwa 50, kodayake kafin hunturu nauyinsu na iya ninkawa, kuma an taɓa samun wanda ya haura kilo 270 a gandun. Ƙanƙantar kada ta ruɗi kowa. Tana gudun da ya kai kilomita 48 a awa, tana iyo, kuma hawan itace a wurinta kamar tafiya a ƙasa ne. Duk hanyoyin tsira uku da hankalin mutum zai fara kawo masa, gudu da ruwa da bishiya, ta fi shi iyawa.

Kafin mu fara shiga daji na sayi abu biyu: madubin hangen nesa, da gwangwanin feshin barkono da ake yi musamman don beyar. Na farkon shi ne ainihin kayan aikin, domin shi ke kashe kwaɗayin matsawa. Na biyun ana rataye shi a ɗamara inda hannu zai kai nan take, ba a cusa shi ƙasan jaka, kuma ba a shafa shi a jiki ko a kaya kamar maganin sauro. Sai dabba ta taho kanka gadan-gadan ta iso kusa ake fesa mata a fuska, ana lura da inda iska ke kaɗawa.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci, kuma ya fi yi mini daɗi, shi ne koyon abin da take ci. Kusan kashi 85 cikin ɗari na abincinta tsiro ne, sauran kuwa ƙwari da mushe da ɗan abin da ta kama. Wanda ya san abin da ya nuna a wane wata ya san inda zai dubi beyar. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, bayan ta fito daga kogo a rame, ɗanyar ciyawa da tohon ganye take bi, tana birkita ruɓaɓɓun kututture don tururuwa da tsutsa. Yuni zuwa Agusta lokacin ƙananan 'ya'yan itatuwa ne, baƙaƙe da shuɗɗa, masu fitowa a sarari da gefen hanya inda rana ke samu. Wajen ƙarshen Agusta cerin daji ke nuna, sai ka ga dabbar da kake nema a ƙasa tana can saman reshe. Da kaka ta shigo kuwa sai ta koma kan ƙwayar itacen oak da ta hikori, tana ci kusan dare da rana don tara kitsen hunturu.

Wannan ƙwaya ta oak rayuwar beyar ta rataya a kanta, kuma akwai tarihi a bayan haka. A da, itacen cesnot na Amurka ne ya cika waɗannan tsaunuka, yana zubar da ƙwaya mai yawa kusan kowace shekara. Wata cutar itace da aka fara ganowa a New York a 1904 ta bi dazuzzukan gabas tana kashe shi, kafin shekarun 1940 ta kusa gamawa da shi a Smoky. Oak da ya maye gurbinsa ba ya haihuwa daidai kowace shekara. Shekarar da ya yi rowa, beyar kan fita daga gandun neman abinci, ta shiga garuruwa, motoci su kaɗe da yawa. Har haihuwarta ma ta dogara da shi. Barbara a tsakiyar shekara ake yi, amma cikin ba ya kama mahaifa sai wajen Nuwamba, kuma macen da ba ta tara isasshen kitse ba tana iya rasa shi. Wadda ta samu kuwa takan haihu cikin kogo a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, ɗa ɗaya zuwa huɗu, kowanne bai kai rubu'in kilo ba. Da na fahimci wannan sai kallon da nake yi wa beyar mai cin abinci ya sauya. Duk mintin da ka kore ta daga gindin itace a watan Oktoba, daga guzurinta ka rage, wataƙila ma daga rabon 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna.

Mun daɗe muna shiga turbobin gandun ba mu ga komai ba sai alamu, kuma ban ɗauki wannan a matsayin asara ba. A laka kusa da rafi muka fara ganin sawu. Yatsu biyar ne, da ɗigon akaifa a gaban kowanne. Na ƙafar gaba faffaɗa ne gajere, na baya kuwa dogo har da diddige, yana kama da sawun mutum mara takalmi. Kashinta na faɗin abin da ta ci: a Yuli baƙi-baƙi ne cike da ƙananan iri, a kaka kuwa ɓawon ƙwaya ne zalla. Muka koyi lura da dutsen da aka birkice, ƙasan da ke ƙarƙashinsa da sauran danshi. Da kututturen da aka yayyage. Da ramin da aka tona inda rina mai gida a ƙasa take, don beyar na cin 'ya'yanta duk da harbi. A jikin wasu itatuwa akwai karce da cizo a daidai tsayin mutum, wani lokaci da silin baƙin gashi maƙale a ɓawon, inda ta tsaya ta goga bayanta don barin warinta. Ɗana ya buɗe littafi yana zana duk abin da muka gani. Ni kuma abin da alamun suka koya mini shi ne yaushe zan ƙara ɗaga murya. Idan kashin ɗanye ne, ko ƙasar da aka tona ba ta bushe ba, mai wurin tana kusa, sai mu riƙa hira da ƙarfi, musamman a kwana da bakin ruwa inda ƙarar rafi ke hana ta jin takunmu. Yawancin beyar da suka ji muryar mutum sukan kauce tun bai gan su ba.

Akwai kuma abubuwan da ke ruɗin ido. Baƙin kututture daga nesa, inuwar dutse, da aladen daji. Aladun nan ba 'yan asalin tsaunukan ba ne, zuriyar waɗanda aka shigo da su daga Turai don farauta a farkon ƙarni na 20 suka tsere. Su ma baƙaƙe ne, kuma a cikin hazon safiya ana iya ɗaukarsu beyar. Amma alade kansa a sunkuye yake yana tono da hanci, ƙafafunsa sirara, wutsiyarsa na kaɗawa, tafiyarsa da sassarfa. Beyar wutsiyarta ba ta ma ganuwa, ƙafafunta kauri gare su, tana taka dukan tafin ƙafa, tafiyarta a natse tana rangaji. Ko a tsakanin beyar ɗin, kunne na taimakawa wajen ƙiyasta girma. Idan kunnuwan sun yi wa kan girma, sun matsi juna, ƙarama ce. Idan sun zama ƙanana can gefe da gefen faffaɗan kai, ƙaton namiji ne.

Ganinmu na farko na sosai ya zo ne a ƙarshen Agusta, lokacin da Yayana ya kawo mana ziyara daga Kano. Muka yi Asuba a gida muka kama hanyar garin Townsend, daga nan muka hau zuwa Cades Cove. Wani faffaɗan kwari ne da tsaunuka suka kewaye, inda manoma suka zauna kafin a mai da wurin gandu, har yanzu tsofaffin gidajensu na katako da majami'unsu na nan. Hanyar mota mai tsawon mil 11 ta zagaye shi, hannu ɗaya ce, ana buɗe ta da fitowar rana. Daga Mayu zuwa Satumba ba a barin mota ranar Laraba, sai masu keke da 'yan ƙafa. Amfanin kwarin ga mai kallon beyar shi ne sarari: kana iya hango dabba a bakin daji daga nesa, babu dalilin matsawa. Sassafe da gab da magariba su ne lokutan da ta fi motsi.

Mun wuce barewa masu farar wutsiya da garken talotalon daji, sai ɗana ya ce, "Abba, tsaya! Reshen can yana motsi, kuma babu iska." Na gangara wurin da aka tanada don tsayawa na kashe mota. Can tsallaken fili, a saman wata bishiyar ceri, ga baƙin abu a zaune. Da na sa madubi sai ga uwa, ta zauna a kan reshe kamar mai gida, tana janyo ƙananan rassa da hannu tana zage 'ya'yan da leɓe. Sama da ita kaɗan ga 'ya'yanta biyu, ɗaya na ci, ɗaya na wasa da ganye. Na miƙa wa Yaya madubin. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ikon Allah. Yaya aka yi reshen nan ya ɗauke ta?" Yaron ya miƙa hannu ya auna da yatsa, ya ce, "Baffa, yatsana ya rufe su duka ukun." Muka tsaya a jikin mota muna karɓa-karɓa da madubin. Ko sau ɗaya uwar ba ta juyo ta dube mu ba. Ta ci, ta karya reshe, ta gyara zama, ta lashi ɗanta, ta ci gaba da ci. A ganina wannan shi ne kallon da ya yi kyau, domin abin da muka gani rayuwarta ce yadda take yin ta ko muna nan ko ba ma nan.

Rana na ɗagawa motoci suka yi yawa. Mutum ɗaya ya taka birki a tsakiyar hanya, na baya suka tsaya, cikin ɗan lokaci layi ya miƙe. Ma'aikatan wurin sun saba da irin wannan cunkoson, har suna da 'yan sa-kai masu zuwa su raba shi. Kafin su iso, wasu sun fita daga motocinsu sun shiga filin, wayoyi a sama. Wani ya ci gaba da matsawa, don wayarsa ba ta ɗauko hoton yadda yake so. A madubi na ga lokacin da uwar ta daina tauna. Ta ɗaga hanci, ta dubi mutanen, ta yi wani ɗan gurnani, 'ya'yan suka ƙara hayewa sama. Jim kaɗan ta sauko, suka biyo ta, suka shige daji. Bishiyar na nan cike da ceri. Babu wanda aka ji wa ciwo, kuma na tabbata mutumin ya koma gida yana ganin bai yi laifin komai ba. Ni dai raina ya ɓaci, don na ga uwa mai shayarwa ta bar abinci saboda hoto.

Da Azahar muka tsaya a wurin cin abinci na kwarin. Uwargida ta haɗa mana dambun nama da shinkafa, kuma ƙamshin dambu ba ya ɓuya ko ga hancin mutum, balle na dabbar da ke jin wari daga nesa mai yawa. Ka'idar wurin ita ce abinci ba ya zama shi kaɗai ko na minti ɗaya. Muna gamawa muka kwashe komai, har ƙwayar shinkafar da ta zuba a tebur, muka zuba shara a kwandon ƙarfe mai murfin da sai ka cusa hannu ka danna yake buɗewa. Sauran abincin muka sa a but, muka ɗaga gilasai, muka kulle mota, sannan muka yi alwala muka ta da salla. Kulle motar dole ne, don beyar ɗin yankin Gatlinburg sun koyi jan hannun ƙofa. Masu kwana a cikin daji kuwa akwai wayoyin ƙarfe da aka kafa musu a sansanoni, inda ake ɗaga jaka sama. Kuma ba abinci kaɗai ake ratayewa ba, har man goge baki da sabulu da turare da man shafawa, duk abin da ke da ƙamshi.

Yaya ya ga yadda nake tsintar shinkafa, sai ya ce abin ya tuna masa da gwaggon birin sansanin Wikki a Yankari, waɗanda suka saba da abincin baƙi har suna fizge leda daga hannun mutum. Na ce masa, "Haka ne, Yaya, sai dai ita wannan idan ta saba, ƙarshenta mutuwa ce." Ma'aikatan gandun suna da maganar da suke yawan maimaitawa, cewa beyar da aka ciyar an riga an kashe ta. Wadda ta ɗanɗana abincin mutum takan daina tsoronsa, ta fara yawo da rana a inda jama'a suke, ta fasa tanti, ta bi masu jaka. Jami'ai kan yi ƙoƙarin dawo mata da tsoro, su kore ta da ihu da harbin da ba ya kisa, su kama ta su sa mata lamba a kunne. Idan ta kai ga raunata mutum, sai a kashe ta. Hukumar gandun ta ce beyar da ke zaman dajinta na kai shekara 12 zuwa 15 ko fiye, wadda ta saba da abincin mutane kuwa rabin haka take samu. Akwai wata cibiya a Townsend, Appalachian Bear Rescue, da ke rainon marayun 'ya'yan beyar har su isa a mai da su daji, kuma ko su suna ɓoye kansu daga 'ya'yan don kada su saba da fuskar ɗan Adam.

Ba na so a ɗauka dabbar ba ta da haɗari. A watan Mayun 2000 beyar ta kashe wata mata a kusa da Elkmont, cikin wannan gandun. Irin haka ba kasafai yake faruwa ba idan aka dubi miliyoyin da ke shiga, amma ya isa ya sa mutum ya koyi karanta halinta. Akwai hali iri biyu da dole a rarrabe. Wadda ta ji an takura mata tana da surutu: tana huci, tana kaɗa haƙora su yi ƙas-ƙas, tana dukan ƙasa da hannu, wani lokaci ta zaburo ta tsaya cak. Wannan cewa take yi ka ba ta wuri, kuma maganinta ja da baya a hankali. Tsayuwa a kan ƙafafun baya ma yawanci neman gani da shinshina ne. Wadda ta fi ban tsoro ita ce mai shiru, mai bin ka a baya ido a kanka, kana sauya hanya tana sauyawa. Ita wannan ba a ci gaba da ja mata da baya. Tsayawa ake yi a haɗu wuri ɗaya, a ɗaga hannuwa da sanduna, a daka mata tsawa, a jefe ta da duwatsu, a shirya feshin barkono. Ba a jefa mata abinci don ta ƙyale ka, don ka koya mata ke nan cewa bin mutum na da riba. A kowane hali dai ba a gudu.

A watan Oktoba karatun nan ya yi mana rana. Ni da yaron muna kan wata turba a cikin itatuwan oak, ganye ya rufe ƙasa, ƙwaya na fashewa a ƙarƙashin takalmi. Muna hira da ƙarfi kamar yadda muka saba, amma iska daga gabanmu take busowa, ga ƙarar rafi a gefe. Muna shan wata kwana sai ga ta, ba ta fi yadi 25 ba, kanta a ƙasa tana tsintar ƙwaya. Matashiya ce, kunnuwan sun yi wa kan girma. Ta ɗago. Na ji yaron ya ƙanƙame hannuna, jikinsa na neman juyawa. Na ce masa a hankali, "Kada ka gudu. Dawo bayana, ka riƙe rigata." Na zare gwangwanin daga ɗamara na cire makullinsa, na ci gaba da magana da murya a kwance, da Hausa ma nake yi, don abin da ake bukata shi ne ta ji muryar mutum. Ta yi huci mai ƙarfi, ta kaɗa haƙora, ta daki ƙasa da hannu har ganye ya tashi. Ƙirjina na bugawa, amma na gane abin da take faɗa, kuma ganewar ce ta riƙe ƙafafuna. Muka riƙa ja da baya taku-taku, fuskarmu na wajenta, har kwanar ta raba mu. Ba ta biyo mu ba. Muka ƙara nisa sosai kafin mu juya, muka koma ta inda muka fito. Masu tafiya biyu da muka haɗu da su a hanya muka gaya musu abin da ke gaba, su ma suka juya.

Sai da muka kusa mota yaron ya yi magana. Ya ce, "Abba, ita ma tsoro ta ji, ko?" Na ce ƙwarai kuwa.

Waya ba ta samun sabis a yawancin gandun, don haka muka biya ta Sugarlands muka ba da rahoto da baki. Jami'in ya tambayi sunan turbar da daidai wurin, da lokaci, da girman dabbar, ko akwai lamba a kunnenta, ko ta matso wajenmu ko jakarmu, ko ta bi mu bayan mun ja da baya. Da ya ji amsoshin ya rubuta, ya ce abin da ta yi shi ne abin da ake so beyar ta yi, saboda haka ba za a rufe turbar ba. Da ta bi mu, ko ta nuna sha'awar jaka, da sun kafa allon gargaɗi ko sun rufe wurin na wani lokaci. Ya nuna mana shafin hukumar a intanet inda ake jera turbobi da sansanonin da aka rufe ko aka sa wa gargaɗi saboda beyar, ya ce mu riƙa dubawa kafin mu baro gida. Ya kuma ja kunnenmu kan hunturu. Beyar ɗin Smoky da yawa a kogon manyan itatuwa suke kwanciya, can sama da ƙasa, kuma barcinsu ba mai nauyi ba ne. Idan rana ta yi ɗumi a Disamba ko Janairu wasu sukan fito su ɗan zaga. Saboda haka gwangwanin barkono da madubin suna cikin jakarmu ko a watannin sanyi, kuma dokar yadi 50 ba ta da hutu.